Tun 1885 Amurka ke da hukumar yaƙi da dabbobi masu ɓarna, sun gama da su kuwa?

Manomin Fadama ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni manomin shinkafa ne a kwarin Haɗeja, ina yin ta rani da ta damina. Maganar jan-baki ce ta kawo ni. Duk wanda ya san yankinmu ya san tun da kacala ta cinye bakin kogi tsuntsun nan ya sami wurin kwana. Da zarar shinkafa ta fitar da kai, ƙwaya tana ruwa-ruwa, to barci ya ƙare. Yara su bar makaranta, tun asuba suna gona da gwangwani da majajjawa har magariba. Mu yi ta kuka, a turo jirgi ya yi feshi, a ce an kashe miliyan kaza, baɗi su dawo kamar ba a taɓa su ba.

Ƙanena da ke karatun aikin gona ya ce mini Amurka tana da hukumar gwamnatin tarayya wadda aikinta ke nan, bincike a kan namun daji da kashe masu ɓarna, kuma ta haura shekara ɗari tana yi. Don Allah wanda ya san tarihinta ya warware mana. Yaya aka kafa ta, me ta yi, kuma sun ga bayan abin da ke damunsu? In su da kuɗinsu da jiragensu sun gama da nasu, to mu san sakaci ake mana. In kuma abin ya gagare su, gara mu sani, mu daina zaman jiran jirgi.

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Manomi, Allah ya tsare muku amfanin gona. Ƙanenka ya faɗi gaskiya. Ni aikin malamin gona na yi har na ajiye, kuma da aka tura mu ƙaro ilimi a Amurka, tarihin hukumar nan na cikin abin da malamanmu suka fi yin gardama a kansa. Amsarka a dunƙule: sun ƙarar da wasu dabbobin, wasu sun gagare su, kuma babban wanda suka ƙarar, daga baya gwamnatin ce da kanta ta je Kanada ta ɗauko shi ta mayar da shi daji. Ka yi haƙuri da tsawon bayani, tsoho ba ya iya gajarta labari.

Ba don kisa aka kafa ta ba. A 1885 ƙungiyar masana tsuntsaye ta ƙasar ta matsa wa majalisa, aka ware dala 5,000, aka buɗe ɗan ƙaramin ofis a ma'aikatar gona. Aka damƙa shi ga wani matashin likita, C. Hart Merriam, wanda ya fi son bin tsuntsu da ɓera a kan duba marasa lafiya. Aikin ofishin shi ne a gano wane tsuntsu ne ke taimakon manomi, wane ne ke cutarsa. Hanyarsu kuwa ba ta da wuya: a harbo tsuntsu, a farke cikinsa, a ƙirga abin da ya ci. Babu ji-ta-ji-ta, babu "haka muka taras".

A wannan shekarar dai jihar Pensilbaniya ta yi doka cewa duk wanda ya kawo kan shaho ko mujiya ko wasu 'yan dabbobi masu satar kaji, a ba shi rabin dala. Cikin shekara ɗaya da rabi aka kawo kai 128,571, jihar ta kashe dala 90,000. Merriam ya zauna ya buga lissafi, ya ce kajin da aka ceta ba su wuce na dala 1,875 ba, ga shi kuma an hallaka masu cin ɓerayen gona. A 1887 aka soke dokar. Abokin aikinsa A. K. Fisher ya farke cikin shaho da mujiya kusan 2,700, ya fitar da rahoto a 1893 cewa cikin iri 73 guda shida ne kawai za a kira masu ɓarna. Sauran ɓera da fara da ƙwari suke ci. Nakan tuna wannan in na ga yara a ƙauye suna jifan mujiya wai mugun tsuntsu ce, alhali ɓeran da ke cin rumbun ubansu take farauta da dare.

To ina aka kauce hanya? Wurin kuɗi. Merriam mutumin ilimi ne, hankalinsa ya koma kan tara fatu da ƙoƙunan kan dabbobi, da zana taswirar inda kowane iri yake rayuwa. Ofishin ya girma, a 1905 ya zama cikakkiyar hukuma mai suna Bureau of Biological Survey. 'Yan majalisa kuwa suka fara tambaya: wannan tarin ƙasusuwan me ya ƙara wa manomi? A 1907 saura ƙiris a yanke musu kuɗi. A shekarar ce Vernon Bailey, ma'aikacin hukumar kuma mijin ƙanwar Merriam, ya fitar da ɗan littafi yana koya wa masu dabbobi yadda ake gano ramin kyarkeci a kashe 'ya'yan, da yadda ake ɗana tarko da sa guba. Daga nan hukumar ta gane abin da ke sa majalisa ta saki kuɗi. Merriam ya bar aiki a 1910. A 1915 aka ware dala 125,000 don kashe kyarkeci da koyoti, wato ninki 25 na abin da aka kafa ofishin da shi. Koyoti wani irin dila ne na can, ya ɗan fi namu girma.

A yi wa kyarkecin adalci, ba haka kawai ya faɗa wa shanu ba. Ɓaunar Amurka da a da take miliyoyi a filayen yamma, kafin 1890 an harbe ta har ba ta kai dubu biyu ba. Barewa ma an rage ta ƙwarai. Aka cika filin da shanu da tumaki, to me zai ci?

Hukumar ta ɗauki mafarauta aiki da albashi. A 1916 cutar haukan kare ta ɓarke tsakanin koyoti a Nevada da maƙwabtanta, aka ƙara kuɗi. Ƙungiyoyin masu tumaki da shanu, da ƙananan hukumomi, da jihohi, kowa ya shiga zuba nasa kason don a turo masa mafarauci. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa ai sai ya yi masa aski. Hukumar da aka kafa don ta binciki abin da dabba take ci ta koma ana auna aikinta da yawan fatun da aka ƙirga a ƙarshen shekara. A 1920 suka buɗe ɗakin gwajin guba a Albuquerque, a 1921 aka mayar da shi Denver ta jihar Kolorado. Can ake sarrafa gubar sitirikinin, a cusa ta a 'yan gutsattsarin kitse, a watsa a daji. Duk abin da ya ci ya mutu, ko kyarkeci ne, ko mikiya, ko karen makiyayi.

Har tallan kansu suke yi da manyan kyarketai. Akwai wani da ake kira kyarkecin Custer a Dakota ta Kudu, wanda aka ce ya yi ɓarnar dala 25,000. Mafaraucin gwamnati ya yi watanni yana binsa kafin ya kashe shi a 1920, ma'aikatar gona kuma ta baza labarin a jaridu.

Masana ba su yi shiru ba. Tun 1924 ƙungiyar masana dabbobi masu shayarwa ta fara suka, a 1930 masana 148 suka sa hannu a takardar ƙorafi. Amsar da majalisa ta ba su ita ce dokar 2 ga Maris 1931, wadda ta ƙara wa aikin kisan ƙarfi, kuma har yau a kanta hukumar take tsaye. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a cikin gidan nan dai akwai masu ci gaba da farke ciki. Charles Sperry na Denver ya duba cikin koyoti fiye da 8,000, ya fitar da sakamako a 1941: zomo da mushe da ɓera su ne mafi yawan abincinsa, dabbobin gida kaso kaɗan ne. Rahoton yana kan tebur, guba tana fita ta ɗaya ƙofar.

A 1939 aka mayar da hukumar ma'aikatar cikin gida, a 1940 aka haɗe ta da hukumar kifi, suka zama Fish and Wildlife Service. Lokacin yaƙin duniya na biyu masu bincikensu suka gano ƙarfin wata guba da ake kira 1080, ba wari ba ɗanɗano. Don ɓera aka nemo ta, amma bayan yaƙi sai aka riƙa yi wa mushen doki allurarta a ajiye a daji don koyoti. Ga kuma wani ɗan bututu da ake kafawa a ƙasa, a shafa masa abu mai wari, in dabba ta ja da baki ya fesa mata gubar sayanaid.

Wata ɓarnar ma a gefe ta faɗo. Akwai wani irin kurege mai zama a ramuka, gari guda, wanda masu shanu suka ce yana cinye musu ciyawa. Aka bi shi da hatsi mai guba a fili mai faɗin gaske. Ashe akwai wata 'yar dabba mai baƙaƙen ƙafafu, dangin su tunku a siffa, wadda shi ne kusan dukan abincinta. Har an ɗauka ta ƙare a duniya, sai a 1981 aka ga raguwarta kusa da Meeteetse a Wyoming. Guda 18 aka kama aka yi ta renon su a keji da kuɗin gwamnati.

A 1964 kwamitin da A. Starker Leopold ya jagoranta ya ce kisan ya wuce buƙata nesa ba kusa ba. Mahaifinsa Aldo Leopold ma da ƙuruciyarsa yana cikin masu kiran a ƙarar da kyarkeci, daga baya ya sauya ra'ayi. Wani kwamitin ƙarƙashin Stanley Cain ya sake faɗin haka, sai a Fabrairun 1972 Shugaba Nixon ya hana sa wa masu cin nama guba a filayen gwamnatin tarayya. Masu tumaki suka yi ca. Shugaba Ford ya sassauta a 1975, Shugaba Reagan ya soke umarnin a 1982, a ƙarshen 1985 kuma majalisa ta ƙwace aikin daga ma'aikatar cikin gida ta mayar da shi ma'aikatar gona, inda masu dabbobi suka fi samun kunnen sauraro. Tun 1997 sunanta Wildlife Services.

Yanzu ga amsar tambayarka. Kyarkeci sun ga bayansa. Kafin yaƙin duniya na biyu kusan babu shi a yammacin ƙasar, sai ɗan abin da ya rage a arewacin Minnesota. A 1974 aka sa shi cikin dabbobin da doka ta kare, a 1995 aka ɗauko wasu daga Kanada aka saka a gandun dajin Yellowstone da jihar Idaho. Koyoti kuwa, wanda aka fi kashe kuɗi a kansa, a da filayen tsakiya da yammacin ƙasar ne mazauninsa. Yau yana kowace jiha in ban da Hawaii, yana yawo cikin Chicago da dare, ya gangara kudu har Panama. An kawar masa da kyarkecin da ke taka masa burki. Kuma wani mai binciken hukumar da kanta, Frederick Knowlton, ya nuna a 1972 cewa a Texas inda aka fi kashe su, matan sun fi haihuwar 'ya'ya da yawa, don abinci ya wadata ga waɗanda suka tsira. Wasu masana biyu suka yi lissafi a 1975, suka ce sai an kashe kashi 75 cikin ɗari kowace shekara har fiye da shekara 50 a jere kafin a ƙarar da shi. Wace gwamnati ce za ta iya wannan?

Likitar Dabbobi, Kolorado, ta amsa:

Baba, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Tarihin da ka kawo haka yake, amma da izininka zan ɗan ja da kai, don ka bar mai tumakin ba mai kare shi. Ina aiki da masu kiwo a nan, kuma wanda ya fito da safe lokacin haihuwar tumaki ya tarar da 'yan raguna a farke, ba lissafin kaso cikin ɗari yake son ji ba. Kaso kaɗan a cikin koyoti dubu takwas, amma wataƙila garken mutum ɗaya ne ya biya shi duka. Irin kukan da Malam Manomi yake yi ke nan a kan shinkafarsa.

Sannan hanin 1972 ya yi wani amfani da ba ka ambata ba. Da aka ɗauke musu guba, dole aka koma neman wata hanya. A ƙarshen shekarun 1970 aka fara gwada manyan karnukan gadi daga Turkiyya da Faransa da Hangari, waɗanda ake renon su cikin tumaki tun suna 'yan kwikwiyo, su kwana da garke su tashi da shi. Wasu jaki suke sawa a garken, don jaki ba ya shiri da duk wani mai kama da kare. Nakan yi dariya in na ga ana koyar da wannan a taron bita, don Bafulatanin da ke bin garkensa da sanda da kare bai taɓa barin wannan hanyar ba. Su nan da yawa shinge suke yi su saki tumaki su tafi gida.

Ɗakin gwajin Denver ɗin nan ya tashi, yanzu yana Fort Collins kusa da jami'ar jihar, sunansa National Wildlife Research Center. Yawancin abin da suke bincike a yau ba guba ba ne. Tun 1995 ake zuba rigakafin haukan kare daga jirgi a kudancin Texas, a ƙunshe cikin abin ci, koyoti ya tauna ya sami kariya. Dabbar da aka yi shekaru ana jefa wa guba daga baya magani ake jefa mata, kuma ya yi aiki: a 2007 aka bayyana cewa irin cutar da ke yawo tsakanin karnuka ta ƙare a Amurka. Ma'aikatan hukumar ne kuma ke korar tsuntsaye a filayen jirgin sama, aikin da ya ƙaru bayan Janairun 2009 da garken dinya ya kashe injinan wani jirgin fasinja ya sauka a kogin Hudson na New York, mutum 155 suka tsira. A tsibirin Guam wani baƙon maciji ya cinye kusan dukan tsuntsayen dajin wurin, sai suka gano cewa farasitamol ɗin nan da muke sha, miligiram 80 ya isa ya kashe shi. Ana liƙa ƙwayar a jikin mataccen ɗan ɓera a jefo daga helikwafta ya maƙale a bishiya. Har allurar hana haihuwa ta barewa suka haɗa, aka yi mata rajista a 2009.

Ba ina wanke su ba ne tas. Har yanzu alkaluman da suke fitarwa da kansu suna nuna dabbobi sama da miliyan ɗaya a shekara, mafi yawa wani baƙin tsuntsu ne da aka kawo daga Turai aka saka a New York a 1890. Koyoti ma dubbai ne masu yawa, wasu daga helikwafta ake harbinsu. Bututun sayanaid ɗin da Baba ya ambata ya fashe wa wani yaro a Idaho a 2017, karensa ya mutu a gabansa, sai a 2023 hukumar kula da filayen tarayya ta hana kafa shi a ƙasarta.

Manomin Fadama ya sake rubutawa:

Baba Malam, Hajiya Likita, na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta har sau biyu. To ni yanzu abin da nake son sani: jan-bakin namu, a lissafinku, kyarkeci ne ko koyoti?

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Koyoti ne, ɗana, har ya fi. Kyarkeci babba ne, ba shi da yawa, yankinsa sananne. Jan-baki kusan giram 20 ne kawai, amma an ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai biliyan ɗaya da rabi bayan ƙyanƙyasa. Ƙwai uku ta saba yi, kwana goma da 'yan kai ya fashe, cikin mako shida an gama komai an tashi.

Likita, na karɓi gyaranki a kan mai tumaki. Ni ma ban ce a naɗe hannu ba.

Kuma aikin farke ciki ɗin nan an yi shi a ƙasarmu. Wani Bature ɗan Ingila, Peter Ward, ya zauna a yankin tafkin Chadi a farkon shekarun 1960 yana duba abin da jan-baki ke ci wata bayan wata, ya buga sakamakon a 1965. Ya tarar 'ya'yan ciyawar daji ne ainihin abincinsa, hatsin gona sai in wancan ya yi ƙaranci ko gonar ta zo masa a sauƙaƙe. Duk rani yana tsintar irin ciyawa a ƙasa. Da ruwan farko ya sauka irin ya tsiro, abincin ya ɓace masa cikin 'yan kwanaki, sai ya yi kudu inda ruwa ya riga ya sauka ciyawa ta yi 'ya'ya, bayan makonni ya biyo damina ya dawo arewa ya yi sheƙa a dajin ƙaya. A wannan tsakanin yunwa tana kashe su da yawa ko ba jirgi. Shi ya sa Ward ya ce yawancin waɗanda ake fesawa da rani dama matattu ne, ka dai rage wa sauran gasar abinci. Shawararsa ita ce a manta da zancen ƙarar da su, a fesa wa makwancin da ke daf da gona lokacin da amfani ke cikin haɗari kawai.

Mutanen Denver ma sun zo Afirka. Daga 1967 hukumar ba da agaji ta Amurka ta ɗauki nauyinsu su yi aiki a ƙasashen waje: ɓeran shinkafa a Filifin, jemage mai shan jinin shanu a Meziko, jan-baki a wurinmu. A Habasha suka fesa wa tsuntsayen wani gari mai ƙyalli daga jirgi a wurin sheƙa, suka sake kama masu alamar a wata sheƙar can nesa, aka tabbatar cewa tsuntsu ɗaya yana ƙyanƙyasa fiye da sau ɗaya a damina guda, nan yau can gobe. A Kenya suka bi sawun feshin fentiyon, maganin da jiragen nan ke zubawa, suka tarar yana kama shaho da mujiya da suka ci tsuntsayen da suka faɗi. Ka ga an koma gidan jiya, wurin Merriam da kajin Pensilbaniya.

Abin da na ga ya fi kusa da matsalarka shi ne aikin Clive Elliott a gonakin shinkafar ban-ruwa na bakin kogin Logone, tsakanin Chadi da Kamaru, wanda aka buga a 1979. Ya nuna in aka tsara shuka yadda girbi zai faɗo a farkon damina, lokacin da tsuntsun ya yi kudu, ɓarnar tana raguwa ƙwarai ba tare da an fesa komai ba. Sharaɗin dai kowa ya shuka tare. Gonar da ta riga kowa nuna da wadda ta yi saura a baya, su ne ke ɗaukar garken gaba ɗaya. Jirgi yana da ranarsa in makwanci ya matso gona, ban hana ku nema ba. Amma wanda ya ce maka feshin bana zai hana su zuwa baɗi, bai faɗa maka gaskiya ba.

Ɗan Kasuwa, Injamena, ya amsa:

Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne, yarona ne ya karanta mini, na ce ya rubuta mini nawa. Mu nan Chadi iyayenmu sun ga zamanin OCLALAV, ƙungiyar da ƙasashe renon Faransa suka kafa a 1965 don fara da tsuntsu, hedkwatarta a Dakar. An yi feshi, kafin nan ma har nakiya an sa wa makwanci. Tsuntsu yana nan.

Abin da ban ji kowa ya faɗa ba, tsuntsun nan nama ne. Mutanen Hajarai da suka fito daga duwatsun Gera sana'arsu ke nan. Daren da babu farin wata sukan shiga makwanci da raga mai kusurwa uku da ake riƙewa da hannu, su kwashe su da yawa, da safe a fige, a soya, a shanya, a cika buhu a kawo kasuwa. Ba na ce raga za ta ƙarar da su ba, Malam ya riga ya ce ba mai iyawa. Amma mai gona ya rage asara, wani ya sami abin sayarwa. In jirgi ya riga ya yi feshi kuwa an ɓata naman. Ina roƙon 'yan'uwa, wanda aka tsinta a ƙasa bayan feshi kada a ci, kada a kawo kasuwa, Likita za ta fi ni sanin dalili.

Likitar Dabbobi, Kolorado, ta amsa:

Gaskiyarka, Alhaji. Fentiyon jijiya yake kamawa, kuma ba a dogara da suya ta kawar da shi. A hana yara tsinta, a hana kaji da karnuka zuwa wurin, a tattara matattun a binne.

Manomin Fadama ya rubuta:

Mun ji, za a faɗa wa yara. Kamun raga muna da masu yi a nan ma, sai dai shiga kacala da dare ba wasa ba ne, ruwa ne har ƙirji ga macizai. Zancen shuka tare kuma zan kai shi taron ƙungiyarmu ta masu ban-ruwa. Inda gizo ke saƙa shi ne, mai kuɗi yana sayen iri da taki da man inji tun da wuri, talaka sai ya jira bashi ya fito, shi ya sa gonarsa ke nuna bayan ta kowa. Baba Malam, in kana da bayanin yadda mutanen Logone suka shawo kan wannan ɓangaren, a taimaka a turo kafin ranar kasuwa.